Babbar na'urar auna iska ba ta ƙara wa turbo ƙarfi

A garejojin Maradi ana yawan cewa in ka sa wa mota mai turbo (abin da ke cusa ƙarin iska cikin inji) babbar na'urar MAF, wato mai auna yawan iskar da ke shiga inji, za ta ƙara gudu. Ba haka ba ne. Na'urar ba ta tura iska, aunawa take yi. Siririyar waya ce mai zafi, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfutar motar ke sanin man da za ta zuba, wajen kashi 1 na fetur ga 14.7 na iska bisa nauyi a tafiya ta yau da kullum.

In ka faɗaɗa bututun da wayar ke ciki ba ka gyara lissafin kwamfutar ba, za ta ɗauka iska kaɗan ce ta shiga, ta rage mai. Sai turbo ya cika, injin ya yi ƙara, fistan ya ƙone. Wannan asarar ce ke ba ni takaici.

Wata na'urar kuwa, MAP, matsin iska take aunawa da ma'aunin bar, mai bar 3 tana karanta kusan bar 2 na turbo, amma ita ma sai an sake saiti. Kafin ka sayi babbar MAF, duba siririyar wayar wadda ke motarka tukuna, don ƙurar hunturu kan lulluɓe ta.