Wa ake rubuta wa allunan 1 ga Mayu a Yamai?

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar uraniyom ta COMINAK da ke Akokan, kusa da Arlit, bayan sama da shekara 40 tana aiki. Ma'aikata kusan 600 suka rasa abin yi, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila da suka yi ta kukan an sallame su hannu rabbana. Ka tambayi mai shayi a Yamai ko ya tuna wani hoto guda na wannan rufewar, ka ji abin da zai ce maka.

Laifin, a ganina, har da na sandikoki. Duk ranar 1 ga Mayu, ranar ma'aikata, manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN kan fito da farin yadi mai doguwar jimla da Faransanci, irin wadda sai ɗan boko ya tsaya ya karanta sau biyu. Minista ake yi wa wannan rubutu, shi kuwa ministan an riga an miƙa masa takardar koke-koke a hannu. Ɗan kabu-kabu da mai tallan ƙosai, waɗanda goyon bayansu ke sa gwamnati ta ji nauyi, wucewa kawai suke yi.

A Paris cikin 1968, ɗaliban makarantar zane sun mamaye makarantarsu suna buga fastoci dare da rana don masu yajin aiki. Launi ɗaya, ba sunan mai zane: masana'anta, bututun hayaƙinta ya koma dunƙulallen hannu. Ko wanda bai san bihim ba ya gane. A Ingila ma, masu haƙar kwal da suka yi yajin shekara guda daga 1984 zuwa 1985 don hana rufe mahaƙu sun cika ƙasar da ƴan tambura masu kalma uku.

Za a ce ai Margaret Thatcher, firaministar ƙasar a lokacin, ta murƙushe su, an kuma rufe mahaƙun. Gaskiya ne, zane ba ya mayar da mutum bakin aikinsa. Amma tamburan nan ne aka manna a bokitan da aka riƙa tara wa iyalansu kuɗi da abinci, har suka jure wata 12 ba albashi.

Mu ma mun ga ƙarfin gajeriyar magana da harshen gida. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, "Labu sanni no, zancen ƙasa ne" ya hau riguna da bangaye, har yara na rerawa. Masu zane kuma ba mu rasa su ba: su ne ke zana kawuna a ƙofar masu aski da zakuna a bayan manyan motoci. Sandika ta ware musu ƴan jikkuna kafin Mayu mai zuwa, ta zaunar da su da korarrun ma'aikatan Akokan su ji labari daga bakinsu, rubutun ya kasance da Hausa da Zabarmanci da Tamashek.