Matasan malamai mata a fannin injiniya su riƙe juna tun yanzu

Jihar Kaduna ba ta rasa makarantun injiniya ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Kadpoly), ga cibiyar koyar da fasaha ta sojin sama (AFIT). Amma a yawancin sassan injiniya a Arewa, in ka ƙirga mata cikin malamai, yatsun hannu ɗaya sun ishe ka.

Wadda ta samu shiga kuwa, abin da ake fara ɗora mata shi ne rubuta bayanan taron sashe, tattara sakamakon jarrabawa da kwamitin walwala. Aiki ne mai amfani, sai dai ranar ƙarin girma abin da ya fi nauyi shi ne digirin digirgir da maƙalun da ta wallafa a mujallu. Abokin aikinta namiji ya san haka tun watan farko, domin a hirar bayan la'asar a gindin bishiya ake faɗin wace mujalla ce ta bogi, yadda ake neman tallafin TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu), da takardun da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ke buƙata. Ita a lokacin tana hanyar ɗauko yara daga Islamiyya.

Shawarar da aka saba ba ta ita ce ta nemi farfesa mace ta zame mata uwar ɗaki. To su nawa ne? Ƙalilan ɗin da ake da su aiki ya riga ya yi musu yawa. Ni na fi ganin amfanin tsaranta. Mata biyar ko shida daga makarantu daban-daban, su haɗu sau ɗaya a wata ko da ta WhatsApp ne, kowace ta kawo abin da take rubutawa a duba mata shi tsakani da Allah. Wadda ta wuce tantancewar ƙarin girma ta nuna wa saura fayil ɗinta shafi-shafi. A nan ne kuma ake koyon ce wa shugaban sashe, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, wannan zangon a ba wani."

Ƙungiyar ƙwararrun injiniyoyi mata ta Najeriya (APWEN), wadda Injiniya Joanna Maduka ta jagoranci kafawa a 1982, ita ta fi dacewa ta haɗa irin wannan zama. An kafa ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya (NSE) a 1958, sai a 2024 mace ta fara shugabantarta, wato Injiniya Margaret Oguntala. Shekara 66 ke nan, kuma jiran ya yi yawa.

Shugabannin sassa ma da nasu aikin: rubuta bayanan taro ya zama na karɓa-karɓa har da maza, kuma a sa sunan matashiyar malama a kwamitin bincike da na manhaja.