Zargin luwaɗi ya zama bulalar dukan masu ƙagaggen labari

Akwai wani kira da ke yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye da malaman makaranta, cewa a sa ido a kan duk labarin aljanu, ko na wata duniya, ko na zamanin da bai zo ba, wai ta nan ake shigo wa yaranmu da luwaɗi da maɗigo. Har da masu cewa Kaduna ma ta riƙa tace littattafai kamar yadda Kano ke yi, kowane marubuci ya kai rubutunsa a duba kafin ya fita. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a Zariya nake jin wannan magana, garin da ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara tsayawa da ƙafafunsa.

A nan ne Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da littattafai biyar. Biyu daga cikinsu ba su tsaya a duniyar da ido ke gani ba. Abubakar Imam ya tura Alhaji Imam neman ruwan Bagaja har ƙasar aljanu. Bello Kagara ya ɗauki Gandoki daga fagen yaƙi da Turawa ya kai shi cikin aljanu yana yaƙi yana musuluntar da su. Daga baya aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, kamfanin ɗab'i na NNPC ya biyo baya a 1966, kuma shi ne ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Yaro Bahaushe ne a ciki ya tafi yawon sararin samaniya. Iyayenmu sun karanta waɗannan a aji, an yi musu jarrabawa a kansu, sun fito sun zama alƙalai da limamai da ma'aikata. Babu wanda ya ce a ƙona su.

To me ya canja?

Akwai wata yarinya 'yar maƙwabtanmu a Tudun Wada, ba ta daɗe da gama sakandare ba, tana rubutu a waya tana sakewa shafi-shafi a wani zauren masu karatu, kamar yadda ɗaruruwan 'yan mata ke yi yanzu. Labarinta na wani zamani ne can gaba, hamada ta cinye Arewa, rijiyoyi sun ƙafe, maza kaɗai ake bari su shiga ayarin neman ruwa. Jarumarta ba ta da uba ba ta da wa, sai ta aske kanta, ta naɗa rawanin mahaifinta marigayi, ta bi ayari da sunan namiji don ƙannenta su sha ruwa. A hanya 'yar madugu ta fara son wannan "saurayi". A nan aka tsaya da karatu. Wata ta ɗauki hoton shafin ta watsa, ta rubuta a ƙasa cewa ga masu tallan maɗigo sun shigo. Kafin magariba an cire yarinyar daga zauren, kafin isha'i maganar ta iso gidansu, mahaifiyarta ta karɓe wayar. Da ta zo gaishe ni sai ta durƙusa tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Kawu, wallahi a shafi na gaba ne asirin zai tonu, ban ma kai ga turawa ba." Na karanta abin da ta rubuta daga farko har inda ta tsaya. Labarin ƙishirwa ne da maraici. Tun ranar ba ta sake rubuta layi ɗaya ba.

Wadda ta watsa hoton nan ta san nauyin abin da ta faɗa kuwa? Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya tallafa wa ƙungiyarsu. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci hukuncin ya fi haka tsanani. Kafin ma a je kotu akwai hukuncin unguwa, wanda ba ya jiran shaida: a fasa auren yarinya, a kori yaro daga makaranta, wani lokaci a taru a yi masa duka. Addinin da ake fakewa da shi ya kafa sharuɗɗa masu tsauri kafin a jefi mutum da alfasha, ya kuma yi wa mai ƙazafi tanadin bulala. Mai tura hoton shafi ɗaya zuwa zaure goma bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba, kuma yana ganin jihadi ya yi.

Kuma macen da ta yi shigar maza ba daga Amurka ta zo mana ba. Tana cikin tatsuniyoyin da kakanninmu mata suka ba mu a tsakar gida. Tana cikin Alfu Laila, inda gimbiya Budur ta sa kayan mijinta Ƙamaruzzaman har aka naɗa ta sarki aka aura mata 'yar sarki, kuma malamanmu na zaure sun san labarin da Larabcinsa. Wanda ya taɓa ganin wasan bori ya san iska namiji kamar Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima kan hau mace ta yi magana da muryar maza, Inna kuma ta hau namiji. Mutum na iya ƙin bori, ni ma ba na zuwa, amma ba zai ce Turawa ne suka kawo shi ƙasar Zazzau ba. Marubucin da ya ɗebo daga wannan rumbu kayan gidansu ya ɗebo.

Zan ma ƙara gaba, ko da wasu za su ji haushi. A ce marubuci ya sa ɗan daudu a labarinsa, ya ba shi uwa mai ciwo, da bashin da ke hana shi barci, da tsoron mutuwa. Ƙarya ya yi? 'Yan daudu suna tashoshin motarmu suna tuyar kaji da dafa abinci tun kafin a haifi yawancinmu, muna saye muna ci. Fim da wasan kwaikwayo sun shekara suna sa su a gaba don a yi dariya, ba wanda ya kira taron gaggawa. Sai ranar da wani ya nuna su a matsayin mutane masu zuciya ne ake cewa an kawo ajanda. Ba na neman kowa ya sauya abin da ya yi imani da shi, matsayin addini a kan aikin a fili yake. Amma nuna mutum a labari daban, kiran jama'a su yi koyi da shi daban. Malam Zurƙe na littafin Ruwan Bagaja maƙaryaci ne mazambaci, ba a taɓa tuhumar Abubakar Imam da koyar da zamba ba.

Gaskiya ne a waje akwai marubuta da kamfanonin ɗab'i da suka keɓe kansu ga labaran mamaki masu jarumai 'yan luwaɗi da maɗigo da masu sauya jinsi, kuma akwai 'yan Najeriya a cikinsu. Freshwater na Akwaeke Emezi, wanda ya fito a 2018, an gina shi ne a kan ogbanje na al'adar Ibo, wato yaron da ake cewa yana mutuwa yana dawowa. Da Turanci ake rubuta waɗannan, a waje ake buga yawancinsu, kuɗin ɗaya ya fi ƙarfin aljihun ɗalibin jami'a a Samaru ko Kongo, wanda kuma ya nace zai same su a intanet ko da hukumar tacewa goma aka kafa. Masu cewa a buɗe ƙofa kowa ya rubuta abin da ya ga dama don ya ci kyautar Turawa, su ma ba da Bahaushe mai karatu suke magana ba, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Abin lura shi ne wasu sun ɗauki aljanunsu sun kai kasuwar duniya. Mujallar Omenana tana buga irin waɗannan labaran mamaki na Afirka tun 2014, kyautar Nommo tana gudana tun 2017, Nnedi Okorafor ta ci kyautar Hugo a 2016. Mu da muka riga su da shekaru masu yawa muna nan muna farautar 'yan mata a WhatsApp.

Mun sha gwada wannan hanya. A 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa a gaban ɗalibai mata a Kano da sunan A Daidaita Sahu. Rubutu bai mutu ba. Tsadar takarda da zuwan waya suka kwashe shi zuwa inda babu edita, babu mai gyara, babu ma sunan gaskiya na marubuci. A 2023 aka bi shaguna ana kwashe Queen Primer, tsohon littafin koyon karatu, saboda layin da aka ɗora wa ma'anar da masu rubuta shi ba su nufa ba. A 2024 ƙasa ta ɗauki zafi kan yarjejeniyar Samoa da gwamnati ta sa wa hannu, wai ta amince da luwaɗi, aka yi huɗubobi, daga baya ta bayyana cewa abin da aka ce yana ciki ba ya ciki. Kowane karo ihun ne ke riga karatun.

Batsa kuwa tana nan a wasu littattafan waya, ana sayar da ita 'yan ɗaruruwan naira a zaurukan kuɗi, kowa ya sani. Yawancinta ta namiji da mace ce, a gidan aure ko a otal, babu aljani babu tauraro a ciki. Masu kiran a sa ido ba su cika damuwa da ita ba, domin ba ta da sunan da ke tayar da jama'a.

Abin da yaran nan suka rasa edita ne, babba mai ilimi da zai karanta labari har ƙarshe ya ce gyara nan, cire wancan, wannan ya yi kyau. Aikin da Hukumar Talifi da hukumar adabin Arewa ta NORLA da NNPC suka yi ke nan a garin nan. Jami'ar Ahmadu Bello tana da malaman adabin Hausa da za su iya, marubutan Zariya suna da ƙungiyoyinsu, attajiran da ke zuba miliyoyi a bikin aure za su iya ɗaukar nauyin gasa guda ta labaran kimiyya da na mamaki duk shekara. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, an ga yadda mata suka yi tururuwa. Wanda kuma ya ga shafin da ya tayar masa da hankali, ya nemi sauran littafin ya karanta, ya kira marubuciyar ko iyayenta a asirce. Idan ba zai iya wannan ba, ya cire hannunsa daga 'ya'yan mutane.