Wanda ya riƙe shago a Kantin Kwari ya riga ya yi shugabanci

Kwanakin baya ɗan yayata ya turo mini takardun da zai aika neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, a nan Ingila. Ya ce, "Kawu, don Allah a duba mini kafin in tura." Bayan sallar isha'i na zauna na buɗe, ruwan Manchesta na ta dukan taga. Shafi biyu cike taf: digiri da sakamakonsa, hidimar ƙasa, takardun shaidar kwasa-kwasan intanet har bakwai, da wata bitar kwana biyu a Abuja. Can ƙasa sai layi ɗaya tak, wai yana taimaka wa mahaifinsa a kasuwa.

Ni kuwa na san irin wannan taimakon. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Alhaji a gida, yaron nan ne ke riƙe da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, yau shekara huɗu. Shi ke sarin kaya, shi ke sallamar yaran shago, shi ke bin bashi wurin 'yan sarin da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram. A farkon 2023, da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane na wuni a layin banki, shi ya riƙa zaunar da dattawan abokan cinikin mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu yadda ake tura kuɗi ta waya. Ya sa aka sayi na'urar POS, ya buɗe littafi na musamman ana rubuta kowace tiransifa da sunan mai ita. Da aka saki darajar naira a watan Yunin shekarar, kayan da ake shigowa da su suka yi ta tashi, shi ya lallaɓa Alhaji har ya yarda aka rage ba da kaya bashi na dogon lokaci. Duk wannan a ganinsa bai isa a rubuta ba.

Da na kira shi na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Kawu, ai wannan ba aikin ofis ba ne. Kuma ta yaya zan ce ni na yi kaza, ni na yi kaza, alhali Baba na nan da ransa?"

Maganar ta taɓa ni, domin tarbiyyar da aka ba mu ke nan, kuma tarbiyya ce mai kyau. An ce mana yabon kai jahilci. Yaron kirki a gidanmu shi ne wanda zai yi aikin, in an tambaya ya ce "an yi", ko "Allah ne Ya taimaka". Sai dai mai karanta takardar a nan bai san Kantin Kwari ba, bai san Alhaji ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya a unguwa. Abin da ka rubuta shi kaɗai ne shaidarka. In ka ce "an yi", sai ya ɗauka wani ne ya yi kana tsaye kana kallo.

Makarantun da ke ba da MBA ba ƙwaƙwalwa kaɗai suke auna ba. Ƙwaƙwalwa akwai jarrabawar neman shiga, GMAT ko GRE, da za ta nuna. Abin da suke nema a sauran takardun shi ne mutumin da in ya zauna a aji zai kawo abin da ya gani da idonsa, domin a wuri kamar Jami'ar Harvard ta Amurka darasi kusan duk muhawara ce kan matsalar da wani kamfani ya taɓa shiga, ana tambayar ɗalibi da kai ne me za ka yi. Shi ya sa yawancin waɗanda suke ɗauka sun yi wajen shekara biyar suna aiki. Makarantar kasuwanci ta Jami'ar Manchesta na son aƙalla shekara uku. Hatta tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya sai da aikin shekara biyu, wato sa'a 2,800, kuma cikin tambayoyinsa akwai wadda kacokan kan shugabanci take da yadda ka iya juya ra'ayin mutane.

A nan ne muke yi wa kalmar shugabanci gurguwar fahimta. A wurinmu shugaba sai mai kujera da muƙami: manaja, darakta, ciyaman. Su kuwa tambayarsu ita ce, wace matsala ka tarar, wa ka shawo kansa, me ya canza. Budurwar da ta riƙe adashen mata talatin shekara uku ba a taɓa jin kuɗi sun yi ciwon kai ba, ko ɗan hidimar ƙasa da ya bi masu unguwa gida gida har aka gyara rijiyar burtsatsen ƙauyen da aka tura shi, suna da labarin da ya fi na wanda ke da lakabin "shugaban sashe" amma bai taɓa sauya komai ba. Ban ce tsarinsu ba shi da aibu ba. Na ga matasa a nan da ke kumbura ɗan aikin wata uku ya zama kamar sun ceto kamfani daga durƙushewa, kuma hakan na ɓata mini rai. Ban so yaranmu su koyi wannan ba. Ina so ne su faɗi gaskiyar abin da suka yi, da lissafinsa, ba ƙari ba ragi.

Sai batun wasiƙar shaida, inda muka fi yin asara. Ɗan yayata har ya fara neman hanyar da wani tsohon kwamishina zai sa masa hannu. A gida hakan na aiki, sunan babba na buɗe ƙofa. A nan wasiƙar wanda bai taɓa ganinka kana aiki ba kusan takardar banza ce. Harvard, alal misali, tana tambayar mai shaidar ya faɗi gyara mafi muhimmanci da ya taɓa yi maka da yadda ka karɓe shi. Me kwamishina zai ce a nan? Kuma ba su son wasiƙar uba ko ɗan'uwa, don haka Alhaji ma ba zai rubuta ba. Ga mai aiki a kasuwancin gida, sun fi karɓar ta abokin ciniki ko wanda ake sarin kaya a wurinsa.

Muka yi sati biyu muna ta kai da komo a waya. Na ce ya ɗauko littattafan shagon ya fitar da alƙaluma: bashin da ke waje kafin ya karɓa, da wanda ya rage yanzu, da yawan yaran da yake biya. Layin nan ɗaya ya koma rabin shafi, kwasa-kwasan bakwai suka koma biyu. Kafin ya tura sai da ya je ya karanta wa Alhaji, yana fassara masa jimla jimla, don ya ce ba zai iya aikawa mahaifinsa bai ji ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce masa ya manta bai sa shekarar da ruwa ya shiga sito ya kwana yana kwashe diloli da yara ba. Wasiƙar shaida kuwa, dilan da suke sarin shadda a wurinsa ne ya rubuta, mutumin da ya taɓa mayar masa da lissafi sau biyu ya ce a sake.