Famfo ya ƙafe, masu matatun bogi kuma sun buɗe kasuwa

Wai sai yaushe za a daina raina wa mutane hankali a kan ruwan sha? Famfo ya zama kayan ado a tsakar gida, bakinsa ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Unguwa sukutum ta koma kan rijiyar burtsatse ɗaya ko biyu, su kuma ba sa ba da ko ɗigo sai da wutar lantarki ko man janareta. Ranar da aka ɗauke wuta, ruwa ma ya tafi ke nan. Kowa ya shaida haka a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Masu burtsatse suka rufe, kuɗin jarka a wurin 'yan garuwa ya yi tashin gwauron zabi, yara suka bazama da bokitai zuwa rijiyoyin da aka daɗe da ƙauracewa.

Duk wanda ya ce a yi tanadi saboda ranar da komai zai tsaya cak, sai a ce yana mugun fata. To ai ranar kashi-kashi take zuwa. A 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga masai da maƙabarta da rijiya ya haɗe su wuri guda. Ruwa har wuya, na sha babu. A Sudan, da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mutanen Khartoum Bahri sun yi watanni suna ɗibar ruwan Nilu kai tsaye saboda tashar tace ruwa ta tsaya. A 2021 kuwa, ba yaƙi ba komai, amai da gudawa ya kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, mafi yawansu a Bauchi da Jigawa da Kano da maƙwabtansu.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne magidancin da ya farga, ya tara 'yan kuɗinsa don ya kare iyalinsa, sai ya faɗa hannun 'yan damfara. An gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago.

Ga yadda suke yi. Mai talla zai zo da wata 'yar na'ura mai sanduna huɗu, ya tsoma biyu a kofin ruwan gidanka, biyu a kofin ruwan da matatarsa ta tace, ya jona wuta. Kafin minti biyu ruwanka ya koma ja-ja-ja da kumfa da dauɗa, nasa kuwa garai. Sai ya riƙe baki ya ce, "Alhaji, wannan kuke ba yara?" Wallahi ƙarya ce tsagwaronta. Dauɗar nan ba daga ruwanka ta fito ba, sandar ƙarfen ce take narkewa ta zama tsatsa, saboda ruwan da ke da ɗan gishirin ƙasa yana ɗaukar lantarki. Nasa an cire masa gishirin, shi ya sa wuta ba ta ratsa shi. Ka barbaɗa ɗan gishirin miya a kofinsa ka ce ya sake jonawa, ka ga yadda ido zai raina fata.

Ɗaya kuma ɗan ma'auni ne kamar biro, ana tsoma shi ya nuna lamba. Abin da yake aunawa narkakken gishiri ne kawai. Ba ya ganin ƙwayar kwalara, ba ya ganin ta taifot. Ruwan sama da ya wanko kashin tsuntsu daga kan kwano zai nuna lamba ƙarama, ruwan burtsatse mai lafiya ya nuna 300. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma ta yarda har 500. Amma da wannan biron ake tsorata mata a cikin gidaje.

Sai farin kwalin nan mai kama da kyandir da ake sakawa cikin shuɗiyar kwalba a jikin bututu. Masu gyaran famfo suna ɗaura shi su ce an gama. Ramukansa yawanci maikiron 5 ne. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kai kusan 70 ne. Ƙwayar kwalara kaurinta wajen rabin maikiron ne, wato ta wuce ta cikin kwalin nan kamar akuya ta ƙofar gari. Aikinsa tare yashi da tsatsa, iyakarsa ke nan. Na gawayi kuma yana gyara ɗanɗano, yana cire wari, amma yana cire kulorin ɗin da ke kare ruwan, kuma in ya tsufa ba a canja ba shi kansa ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Masu cewa matatarsu tana mai da ruwa "alkalin", tana maganin olsa da ciwon suga da hawan jini, waɗannan ba su cancanci a ɓata musu yawu ba.

Matatar da za a iya dogara da ita a gida iri biyu ce. Akwai kyandir ɗin tangaran mai ramukan da ba su kai maikiron 1 ba, wanda ake ɗaurawa tsakanin bokiti biyu, na sama da na ƙasa. Akwai kuma mai siraran zaruruwa masu rami, wadda aka rubuta mata maikiron 0.1. Dukansu ba sa buƙatar wuta, nauyin ruwa ne ke tura shi. Suna tare bakteriya da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa masu taurin ɓawo waɗanda kulorin ba ya iya kashewa. Amma bairos ɗin shawara, nau'in A da E, girmansa wajen maikiron 0.03 ne, yana wucewa abinsa. Nau'in E ɗin nan kuwa mata masu ciki ya fi kashewa. Don haka duk wanda ya ce maka matatarsa ita kaɗai ta isa, ko bai sani ba ko yana son kuɗinka.

Kafin ka ba da ko sisi, tambayi mai shago abu uku. Ramukan maikiron nawa ne, a rubuce ba a baki ba? Wace shaida take ɗauke da ita? A lambobin NSF, wato hukumar Amurka mai gwada irin waɗannan kaya, 42 ɗanɗano da wari kawai take nufi, 53 ita ce ta abubuwan da ke cutar da lafiya irin su dalma, 58 ta injin RO ce, mai tace ruwa da matsi har ya cire abin da ya narke a ciki, P231 kuma ta ƙwayoyin cuta. Masu wayo suna manna tambarin su ɓoye lambar, ko su kwafo hoton su buga a kwali, don haka a nemi sunan kayan a shafin hukumar ta intanet. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana gwada irin waɗannan kaya tun 2014 tana ba su taurari. Tambaya ta uku ita ce mai kunyata su: ina kyandir ɗin canji, nawa ne kuma?

Shi ma kyandir ɗin kirki yana lalacewa a hannun wanda bai san shi ba. Tangaran mai lafiya ɗigo-ɗigo yake ba da ruwa, lita ɗaya zuwa biyu a awa. Ranar da ka ga ya fara gudu kar ka yi murna, ya tsage ne ko robar gindinsa ta saki, ruwan bokitin sama yana zuba ƙasa ba a tace ba. In ya toshe, a cire shi a goge da burushi mai laushi da ruwa mai tsabta. Ba sabulu, ba omo, kuma hannun da ya taɓa dauɗar waje kar ya taɓa bakin da ruwa ke fita. Mai zaruruwa ana wanke ta ne ta baya da babban sirinjin da ke zuwa tare da ita. In sirinjin ya ɓata, cikin 'yan makonni ta zama sanda.

Tsarin da ke aiki ba na na'ura ɗaya ba ne, kuma rabinsa iyayenmu mata sun san shi. Da farko ruwa ya kwanta. In mai laka ne, a daka alif a sa abin da bai wuce kwatan ƙaramin cokali ba a bokitin lita 20, a juya, a bar shi awa guda, a tsiyaye na sama. In ya yi yawa ruwan zai yi bauri. Ƙwallon zogale busasshe ma yana yi: a ɓare, a daka, ƙwallo ɗaya ga lita ɗaya, a juya da ƙarfi minti guda, a hankali minti biyar, a bari ya kwanta. Amma a gane, alif da zogale laka suke saukarwa, ba sa kashe cuta. Ruwa garai ba shi ne ruwa mai lafiya ba.

Daga nan a tace. Ko matata babu, tsohon zanen auduga mai tsabta da aka ninka huɗu zuwa takwas ba abin rainawa ba ne. A ƙauyukan Bangaladash wannan kaɗai ya rage kwalara da kusan rabi. Mu ma da kyallen tacewa aka yi yaƙi da kurkunu, daga sama da mutum dubu 650 a 1988 har aka tabbatar da babu shi a Najeriya a 2013.

Sai kisan ƙwayoyin cuta. Tafasa ita ce sarki: ruwan ya yi ta ɓararraka minti guda cur, ba ɗumi ba, ba 'yan kumfar gindin tukunya ba. Amma da tsadar gas da gawayi, wa zai tafasa wa mutum goma kullum? Saura kulorin. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 tana yi wa lita 20 na ruwa garai, in da ɗan duhu a sa biyu. In ruwan bilic na wanki ne, a duba a tabbatar an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, marar turare marar sabulu. A ja mililita ɗaya da rabi da sirinji a zuba a jarka mai lita 25, mililita uku in ruwan bai yi garai ba. A girgiza, a rufe, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warinsa, in ba a ji ba a sake zuba irin adadin a ƙara jira. Zafi yana kashe ƙarfin bilic, don haka robar da ta shekara a rana a gaban shago ba abin dogaro ba ce. In duk babu, a cika farar gorar roba wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar a kan kwano awa 6 a rana mai ƙarfi, kwana biyu in da hadari ko hazo. Rana dai Allah Ya hore mana ita kyauta, ba a fara sayar da ita ba tukuna.

Bayan duk wannan wahala, wurin da ake zubar da aikin shi ne randa. An tafasa, an sa magani, sai yaro ya taso daga bayan gida ya cusa moɗa da hannunsa har gwiwar hannu. Ruwan sha ya zauna a tulu mai ƙaramin baki, ko jarka, ko bokiti mai murfi da aka huda aka sa masa kan famfo. Zubawa ake yi, ba tsomawa ba.

Nawa za a ajiye? Masu aikin agaji suna lissafa lita 15 ga mutum ɗaya a rana, na sha da girki da ɗan wanke jiki, in an matsu ƙwarai 7.5. Gida mai mutum goma lita 150 ke nan, jarka shida kullum. Na mako biyu lita 2,100, wato tanki mai cin 2,000 da 'yan jarkoki. Tankin ya zama baƙi don kar gansakuka ta fito, murfinsa a rufe ruf saboda sauro da ƙadangare. Jarkar da ta taɓa fetur ko maganin feshi ba ta wankuwa, haka shuɗin duron da ba a san abin da ya ɗauko ba. Da damina kuma, ruwan sama milimita 20 a kan kwano mai murabba'in mita 50 yana ba da kusan lita 800, amma indararo ya zubar da shi a lungu. A bar na farko ya wanke kwanon, sannan a tara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da aka sa dokar hana fita mai kura ba zai zo ba. A ajiye sukari da gishiri kusa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ga duk wanda gudawa ta kama kafin a kai asibiti.

Akwai kuma abin da tafasa da kulorin da kyandir duk ba sa taɓawa, wato gubar da ta narke a ruwa. Tafasa ma ƙara mata ƙarfi take yi. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse garai ne ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara saboda yawan sinadarin fulorayid, ba wanda ya ga komai a kofi. Rijiyar da ke dab da masai tana kwasar sinadarin naitiret mai illa ga jarirai, shi ya sa ake son tazarar mita 30, amma je ka cikin unguwannin da fuloti ya zama ɗaki uku ka auna. Masu rijiya kusa da majemun Challawa da Sharaɗa, da masu zama inda ake wanke zinare a Zamfara, ba su da mafita sai gwajin ɗakin bincike. Injin RO yana cire irin waɗannan, amma yana son wuta da matsin ruwa, yana kuma zubar da kusan lita uku kafin ya ba da ɗaya. A gidan da jarka ake saye, wannan wasa ne.

To ina hukumomin da aikinsu ne su gwada rijiyoyin unguwa su manna sakamako a jikin tanki? Ina masu kama mai buga lambar NAFDAC ta ƙarya a ledar fiya wata? A birni mai miliyoyin mutane za ka zaga kantin magani goma ba ka samu ƙwayar kulorin ba, sai annoba ta ɓarke a kawo ta da 'yan jarida. Mai shagon da ya sayar maka da matata kuwa, koma bayan wata shida neman kyandir ɗin canji. Zai ce wannan samfurin an daina kawo shi, amma akwai sabuwa mai mataki bakwai da fitila shuɗiya.