Jar fitila da dodo ba su ne ƙasar Sin ba

Wannan hoton zauren baje kolin da ake ta yaɗawa tun jiya, har wani ya rubuta a ƙasansa wai an haɗa salon Sinawa da na Turawa, wallahi ya ɓata min rai. Ginshiƙai irin na Girkawa an nannaɗe su da dodon nan na Sinawa mai kama da maciji, mai ruwan zinariya, sama jajayen fitilu reto-reto, tsakiya kuma ƙatuwar fitilar gilas irin ta fadar sarakunan Faransa. Jibgi ne kawai aka yi. Mutum ya shiga, idonsa ya rasa inda zai sauka, kayan da aka kira shi ya gani sun ɓace.

Don Allah ku nemi hotunan gidan tarihin birnin Suzhou na ƙasar Sin da aka buɗe a 2006. I. M. Pei ne ya zana shi, wanda ya yi dalar gilas ta gidan tarihin Louvre a Faris. Danginsa mutanen Suzhou ne, karatunsa kuma a Amurka, ya san gidajen biyu ciki da bai. Bango fari tas kamar na tsofaffin gidajen garin, rufi na dutse ruwan toka, amma ƙashin ginin ƙarfe ne da gilas. Haske ta sama yake shigowa, siraran sanduna su tace shi, ya sauko a hankali. Ka leƙa taga mai kusurwa shida, sai ka ga lambu kamar zane aka rataye maka. A tsakar gidan ya sa aka yanka duwatsu aka jera jikin farin bango, sai ka rantse zanen tsaunuka ne na tawada. Nan ba ka iya nuna inda Sin ta ƙare, Turai ta fara.

An ce min ai zauren kasuwa ne, mai saye ƙyalƙyali yake so. Ban yarda ba. Mai saye kaya ya zo gani. Wani kuma ya ce kuɗi ne matsalar. Farin fenti ya fi ruwan zinariya tsada ne? Jibgi dai jibgi ne.

Af, Pei ɗin ne fa ya zana gidan kayan tarihin Musulunci na Doha da aka buɗe a 2008, yana da shekara 91. Sai da ya zaga ƙasashen Musulmi, masallacin Ibn Tulun na Alƙahira ya kama masa zuciya. Alhazaina masu yada zango a Doha kan hanyar Guangzhou, wanda ya samu shiga ya turo min hoton matakalar ciki.