Gajeren bayani ba shi ne hujja ba

Wani marubuci ya ce idan bayani biyu suka ci karo, wanda ya fi sauƙi ya fi kusa da gaskiya, har ya jingina maganar ga William na Ockham, malamin addinin Kirista ɗan Ingila na ƙarni na 14. Ni dai ina ganin an ɗora wa ƙa'idar kayan da ba nata ba. Manufarta kada ka ƙara zato inda babu buƙata, kuma sai idan bayanan biyu sun yi kunnen doki wajen ɗaukar hujjojin da ke ƙasa. A nan Marwa ta Kamaru yaro ya yi zazzaɓi da damina, kowa zai ce na sauro ne, galibi kuma a dace. To amma yawan cutar a lokacin ne ya ƙarfafa zaton, gajartar amsar ba ta ƙara komai ba. Zazzaɓin nan ya zo a watan Maris, ga ƙura, ga wuya ya sanƙare, wanda ya nace wa sauro zai yi wasa da sanƙarau. Haka ma masu cewa fari ne kawai ya janye Tafkin Cadi, gaskiya farin shekarun 1970 da 1980 ya yi masa illa, sai dai mafi yawan ruwansa Shari da Logon ke kawowa daga kudu mai nisa, ga shi ba zurfi, ga noman rani. Wane farin ake nufi, namu ko na can? In gajarta ce ma'auni, "aljanu ne" ya fi kowace amsa gajarta, za mu karɓa ke nan?